Wata Guda Ina Tattaki, Rabin Kilo Kacal Na Rage

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce a Jekadafari, cikin garin Gombe. Shekarata 47, 'ya'yana shida. Bara aka gano ina da ciwon suga, bayan yawan fitsari da ƙishirwa sun kai ni asibiti. Nauyina kilo 98, tsawona santimita 160, ina shan metformin da glibenclamide. Likita ya ce sai na riƙa motsa jiki, in rage ƙiba. Na yi wata guda cur ina fita bayan sallar asuba, ban karya ba, in zaga unguwa na rabin awa in dawo. Da na hau sikeli sai na ga rabin kilo kacal na rage. Ga gwiwoyina suna ciwo. Wata rana jiri ya ɗebe ni a hanya, jikina na rawa, gumi na keto mini, sai da na zauna a dakalin wani gida. Maigida ya ce in bari, don an fara cewa matarsa na yawo da duku-duku. Surukata kuma ta ce ƙiba rufin asiri ce, in na rame za a ce ɗanta ba ya ciyar da ni. Yau wata uku ke nan da na daina. Sana'ata ɗinki, a kan keke nake wuni. Shin aikin gida bai wadatar ba? Akwai kuma maƙwabciyata mai sayar da shayin rage ƙiba, ta ce yana warkar da suga har mutum ya ajiye maganin asibiti. Ki ba ni shawara, na fara karaya.

Wa'alaikumus salam, 'yar uwata. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Macen da ta haifi shida, take ɗauke da kilo 98 a kan gwiwa mai ciwo, amma ta iya tashi kullum da asuba har wata guda tana tattaki, ba raguwa ba ce. An dai ce miki ki motsa jiki ne ba a zaunar da ke an faɗa miki yaushe ba, ta yaya, kuma da me za ki gane abin yana aiki. Sai kika je neman amsa wurin sikeli, shi kuwa bai san komai ba game da sugan da ke cikin jininki.

Mu yi lissafin rabin kilon nan da ya karya miki gwiwa. Mai nauyi irin naki in ta yi tafiyar rabin awa tana ƙona kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, wajen 150. A kwana 30 ya kama 4,500. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Kin ga ke nan rabin kilo da ɗan ɗoriya shi ne daidai abin da tafiyar wata guda za ta iya zaftarewa. Jikinki bai cuce ki ba, ya biya ki daidai aikinki, kuma haka yake ga kowa. Tattaki shi kaɗai a hankali yake cin ƙiba. Aikin da yake yi wa suga ne yake yinsa a ranar, tun kafin ki cire takalmi.

Duk abin da kika ci na tuwo, shinkafa, masa ko burodi, ciki yana mayar da shi suga ya zuba a jini. Mafi yawan sugan nan tsokokin jiki ne ke kwashe shi, musamman manyan tsokokin cinya da na ƙafa. Ki ɗauki tsoka kamar sito, insulin kuma, wato sinadarin da jiki ke fitarwa don shigar da suga, shi ne ɗan mabuɗinsa. A irin ciwonki, nau'i na biyu, mabuɗin yana nan amma kwaɗon ya yi tsatsa, kitsen ciki kuma yana cikin manyan masu sa tsatsar. Sai suga ya rasa wurin shiga, ya yi ta yawo a jini yana lalata ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa sannu a hankali. To, tsokar da ke cikin aiki tana buɗe wata ƙofa da ba ta buƙatar mabuɗi, ta ja suga kai tsaye. Bayan an gama ma kwaɗon yakan saki, insulin ya fi ci, na tsawon kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokaci har uku, sannan ya koma yadda yake. Dalilin ke nan da likitocin suga suke cewa kada a wuce kwana biyu a jere ba a motsa ba. Tafiyar jiya ba ta biya wa jibi.

An auna wannan an gani. A 2001 wasu masu bincike a Kanada suka tattara gwaje-gwaje 14 da aka yi a kan masu irin ciwonki. Akwai gwajin jini da ake kira HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Na waɗanda aka sa motsa jiki ya tsaya a 7.65, na waɗanda ba su yi ba 8.31, alhali nauyin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Tazarar nan babba ce, akwai ƙwayoyin maganin suga da iyakar abin da suke saukarwa ke nan. Da sugan kika riƙa aunawa a watan nan maimakon nauyi, ina kyautata zaton da maganar mutane ba ta isa ta tsayar da ke ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne jirin nan. Jiri da rawar jiki da gumi, ga mai shan glibenclamide da ta fita tafiya ba ta karya ba, alamun faɗuwar suga ne ƙarara. Shi kansa shaida ne cewa tafiyar tana sauke suga, sai dai ranar ta sauke shi fiye da kima. Metformin shi kaɗai da wuya ya jawo haka. Glibenclamide kuwa, wanda wasu suka fi sani da Daonil, yana tilasta wa jiki fitar da insulin ko kin ci abinci ko ba ki ci ba, kuma yana daɗewa a jiki yana aiki. Kin haɗa masa da cikin da ya kwana ba komai, kin ƙara da tafiya. Allah Ya tsare da kika samu dakalin zama, don faɗuwar suga tana kai mutum ga suma.

Ki faɗa wa likitanki labarin nan kamar yadda kika faɗa mini, kada ki rage komai. Yana iya rage miki maganin ko ya sauya shi, zai kuma duba hawan jini tunda shi ma yana sa jiri. Ke dai kada ki rage da kanki. Muddin kina kan maganin nan, babu ke babu tafiya da cikin yunwa. Ki ƙulle ƙwayar suga uku a bakin zani ko cikin jaka, duk inda za ki. In kin ji alamun, ko na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, wato 3.9 in irin na'urar da ke ba da ƙananan lambobi ce, ki zauna ki tsotse su, ko ki sha rabin kwalbar lemo mai suga. Ki jira minti 15 ki sake aunawa, in bai hau ba ki ƙara, in ya hau ki bi shi da abinci na sosai don kada ya sake sauka. Idan kafin ki fara motsa jiki kin auna kin ga ƙasa da 90, wato 5.0, ki fara cin wani abu. Ki koya wa maigida da manyan 'ya'yanki wannan, tare da abu ɗaya mai muhimmanci: wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, ana kwantar da shi ne ta gefe a garzaya da shi asibiti.

Shawarata ita ce ki ɗauke tafiyar daga asuba ki kai ta bayan cin abinci, ki kuma ɗauke ta daga titi ki dawo da ita tsakar gida. Tafiyar minti goma bayan karin kumallo, ta minti goma bayan abincin rana, ta minti goma bayan na dare. Wannan sauyin shi kaɗai ya rage haɗarin jirin, ya kashe bakin masu magana, ya kuma sauƙaƙa wa gwiwa tunda ba a ɗora mata rabin awa a lokaci guda. Kada ki ɗauka maneji ne na wadda aka hana fita. A 2016 masu bincike a Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand sun gwada hanyoyin biyu a kan mutum 41 masu ciwon suga nau'i na biyu: tafiyar rabin awa a duk lokacin da mutum ya ga dama, da tafiyar minti goma-goma bayan kowane abinci. Ta biyun ta fi rage hawan sugan bayan abinci da kashi 12 cikin ɗari, bayan abincin dare kuwa da kashi 22, saboda shi ne abinci mafi nauyi kuma bayansa ne aka fi zama. Mu ma haka rayuwarmu take: tuwon dare, sai tabarma, sai hira, sai barci. In ɗaya kawai za ki iya riƙewa cikin ukun, ki riƙe ta dare.

Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ya ba ki 150, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu a mako. Ta ce daga 150 zuwa 300. Tunda kin yi wata uku a zaune, ki fara da minti biyar-biyar a makon farko, ki riƙa ƙarawa. Saurin da ake so shi ne wanda numfashinki zai ɗan hau, kina iya amsa magana amma ba za ki iya jan doguwar aya da numfashi ɗaya ba. Ba sai kin je filin wasa na Pantami ba. Daga ƙofar ɗaki zuwa zaure ki dawo, ki yi ta maimaitawa. In gidan haya ne mai idon jama'a, ki rufe ɗakinki ki yi ta takawa a wuri ɗaya kina ɗaga gwiwa kina kaɗa hannu. In kina son ki taka rawa ke kaɗai a ɗakinki, ita ma tana cikin lissafi.

Kin tambaya ko aikin gida bai wadatar ba. Wani yana shiga lissafi, wani ba ya shiga. Daka, surfe, jan ruwa da guga, wanki da hannu, sharar tsakar gida da ƙarfi, duk abin da zai sa ki haki, motsa jiki ne cikakke. Tsayuwa a gaban tukunya, yankan kuɓewa da tsinkar zogale suna gajiyarwa amma ba sa sa tsoka ta ja suga yadda ake so. Iyayenmu mata da muke cewa ba su san wani motsa jiki ba, ai wuni suke a bakin turmi da rijiya, su taka zuwa barka da gaisuwa da ƙafa. Mu yanzu ga injin niƙa, ga mai ruwa, ga Keke Napep a bakin layi. Ke mai 'ya'ya shida kuma na san 'yan matanki sun karɓe mafi yawan aikin ƙarfi, kamar yadda tarbiyya ta tanada. Ki karɓi guda ɗaya daga hannunsu ya zama naki, ko sharar safe bayan kin karya, ko wankin kayanki.

Zaman keken ɗinki shi ma sai an karya shi. Dogon zama yana da nasa lahanin ga suga ko da mutum yana tattaki. Duk rabin awa ki miƙe na minti biyu ko uku. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ajiye dutsen guga da ruwan shanki nesa da keke, yadda dole sai kin tashi, kuma ki daina aiken yara su miƙo miki abin da ke cikin gida.

Akwai wani ɓangare da mata ba su cika jin labarinsa ba, wato ƙarfafa tsoka. A shekarunki tsoka ta fara raguwa da kanta, in al'ada ta ɗauke kuma abin yakan ƙaru, kitse ya koma ciki. Duk tsokar da kika rasa, kin rasa wurin ajiye suga. Sau biyu ko uku a mako, ba a jere ba, ki samu kujera mai tsayi, ba 'yar tsugunno ba, ki jingina ta da bango. Ki zauna ki tashi sau goma, ki huta, ki sake, har zagaye uku. In da farko sai kin dafa, ki dafa. Sai ki fuskanci bango ki dafa shi da tafin hannu biyu, ki matso da ƙirjinki ki tura kanki baya, sau goma. Sai ki cika gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi guda biyu, ki riƙa ɗaga su zuwa kafaɗa kina saukewa a hankali. Sai ki riƙe bayan kujera ki ɗaga dugaduganki ki sauke. Duka bai wuce kwata ɗin awa ba. Kada ki riƙe numfashi yayin yunƙuri. Kafin ki kai ga ɗaga abu mai nauyi sosai, a duba miki bayan ido, don in suga ya riga ya taɓa jijiyoyinsa yunƙuri mai ƙarfi yana iya sa su zubar da jini. Dama ana so mai suga ya yi gwajin ido duk shekara, kuma akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe.

Zauna-tashin nan shi ne kuma maganin gwiwarki. Gwiwar da ƙiba ta gajiyar ba ta warkewa da hutu, ƙara sandarewa take yi. Tsokar cinya ce ke tallafe ta, in ta yi ƙarfi ciwon yakan ragu. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 kan masu ƙiba da ciwon gwiwa ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Rabin kilon da kika raina ma ya sauke mata biyu. Ɗan ciwon da zai lafa kafin washegari ba abin tsoro ba ne. In ta kumbura, ta yi zafi, ko tana maƙalewa, ki dakata ki nemi a tura ki wurin likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Ki guji hawan tudu da dogon tsugunno a yanzu. Ina kuma roƙonki ki yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis ana sha kullum. Suna wahalar da ƙoda, ƙodar mai suga kuwa dama lallaɓa ta ake yi.

Ƙafa kuma sai kin sa mata ido fiye da da. Ciwon suga yana kashe jin tafin ƙafa a hankali, har mutum ya taka ƙusa ko allurar ɗinki bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Kada ki yi tafiyar nan ba takalmi ko da a tsakar gidanki ne, musamman a kan siminti mai zafi. Silifas ba ya riƙe ƙafa. Ki nemi kambas mai laushi wanda bai matse yatsu ba, ki sa da safar auduga, ki zazzage shi kafin ki sa. Kowane dare ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in ba kya iya gani ki sa madubi ko 'yarki ta duba. Lokacin hunturu ki riƙa shafa mai a dugadugi saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu, kuma kada a sa reza a kankare kaushi. Duk ƙurji ko yanka da ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, asibiti za a kai shi.

Ita ƙibar, gaskiya a kwano za a fi cin ta. Ba a ce ki koma yadda kike kina amarya ba. Rage kashi biyar cikin ɗari na nauyi, wato kilo biyar a wurinki, ya isa a ga sauyi a suga da hawan jini, kuma abu ne mai yiwuwa cikin wata shida. Ki fara da abin sha. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi tara, kalorinta kuma daidai da tafiyarki ta rabin awa. Lemon malt da ake kai wa mara lafiya, zoɓo da kunun aya da aka zuba wa suga, shayi mai kauri, har zuma, duk layinsu ɗaya. Tuwo kuma ki mayar da shi malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, miya da ganye su fi shi yawa. Tuwon alkama da ake cewa na masu suga ne shi ma suga yake zama, yawan da aka ci ne abin dubawa. Allah Ya hore mana wake a jihar nan, ga zogale, rama, yakuwa da kuɓewa; su ne za su cika miki ciki ba su ɗaga suga da sauri ba. Ki riƙa auna man girki da cokali, don cokalin cin abinci ɗaya na mai ya kai kalori 120. Kuma ki sanar da likita kin rage abinci, saboda glibenclamide ɗin nan.

Ke tela ce, tef yana rataye a wuyanki. Ki auna ƙugunki daidai cibiya sau ɗaya a wata. Motsa jiki yana cin kitsen ciki ko da nauyi bai sauka ba, tef yakan riga sikeli gani. Abin da ake fata a ƙarshe shi ne ƙugu ya gaza rabin tsawon mutum, a wurinki santimita 80 ke nan, wajen inci 31 da rabi. Kada lambar ta tsorata ki, kowane inci ɗaya da ya tafi riba ce.

Shayin maƙwabciyarki kuwa, ki ba ta haƙuri cikin mutunci. Da yawa daga irin waɗannan shayin ganyen filasko ne ko danginsa, masu sa gudawa. Abin da ke sauka a sikeli ruwan jiki ne, ya dawo da zarar an sha ruwa, kuma bushewar jiki haɗari ce ga ƙodar mai shan metformin. Babu shayin da aka tabbatar yana warkar da ciwon suga. Abin da aka tabbatar yana kwantar da shi har a ajiye magani shi ne rage nauyi mai yawa. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya, aka buga sakamakonsa a 2017, an ɗora mutanen da ciwonsu bai wuce shekara shida ba a kan tsarin abinci mai tsauri ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara guda kashi 46 cikin ɗari sugansu ya daidaita ba tare da magani ba, a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. Ke bara aka gano naki, don haka ƙofar nan ba ta rufe miki ba. Amma likita ne zai ce a ajiye magani, bayan gwaji ya nuna.

Maigida kuma kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mutuncin gidansa yake karewa, kuma ya ji matarsa ta kusa faɗuwa a titi. Ko wane namiji zai tsorata. Abin da bai sani ba shi ne zaman da ya zaɓa miki ya fi titin haɗari. Ki roƙe shi ya raka ki asibiti ranar ganin likita, ya ji da kunnensa abin da suga ke yi wa ido da ƙoda da ƙafa in an bar shi. Maza sukan ji daga bakin likita abin da ba za su ji daga bakin matansu ba. In kin samu fuska, ki tuna masa hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda Abu Dawuda da Imamu Ahmad suka ruwaito: a wata tafiya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da ita ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. A ruwayar Ahmad, sai da ya ce wa sahabbai su yi gaba tukuna. Ga sutura, ga motsa jiki, ga miji tare da matarsa. Ki nemi abu uku a wurinsa: takalmi, tsinken gwajin suga, da rakiyar minti goma a layinku bayan tuwon dare, ko sau biyu ne a mako. Matar da ke tafe da mijinta ba mai cewa tana yawo. Shi ma a gwada shi, don ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. In ya amince ki riƙa zuwa Islamiyya da ƙafa tare da maƙwabta maimakon hawa Napep, wannan ƙari ne.

Hajiya surukarki ta taso ne a zamanin da rama ke nufin yunwa ko jinya, maganarta ƙauna ce irin ta lokacinta. Kada ki yi musu da ita. Ɗanta ne zai gaya mata cewa umarnin likita ne, kuma shi da kansa ya sa ki. In ta ji daga gare shi, tsoron abin da za a ce game da shi ya kau.

In bazara ta shigo, Maris da Afrilu da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40, ki mayar da tafiyar rana cikin ɗaki ko inuwa, ki sha ruwa kafin da bayan. Da azumi kuma ki ga likita tun cikin Sha'aban a daidaita magani, kada ki motsa jiki da la'asar lokacin da suga ya fi yin ƙasa, ki bari sai bayan buɗa baki. Tarawihi da tafiya zuwa gare ta suna cikin lissafi. Ranar da kike zazzaɓi ko amai, ko suga ya haura 250, wato wajen 14, kina jin jikinki ba daidai ba, ki huta ki nemi likita. In kuwa kina cikin tafiya kika ji ƙirji ya ɗaure, ciwo na tafiya hannu ko muƙamuƙi, numfashi ya gagara, ko gani ya dushe farat ɗaya, ki tsaya nan take a kai ki asibiti, kada a jira gari ya waye.

Ki ja manyan 'ya'yanki cikin tafiyar nan, don ciwon yana bin jini. A babban gwajin da aka yi a Amurka kan mutum 3,234 da suke gab da kamuwa, wanda aka buga a 2002, waɗanda suka riƙe tafiyar minti 150 a mako tare da rage nauyi kaɗan sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, waɗanda aka ba metformin kuwa kashi 31.

Ga gwajin da nake so ki yi a makon nan, da tsinke huɗu kawai. Daren farko ki auna suga kafin tuwo, ki ci, ki zauna yadda kika saba, ki sake aunawa bayan awa biyu. Dare na biyu ki ci irin tuwon, daidai yawansa, ki auna kafin, ki yi tafiyar minti goma da kin gama, ki auna bayan awa biyu. Ki rubuta lambobin huɗu a littafin da kike rubuta awon masu ɗinki, ki nuna wa maigida. Ga yawancin masu suga ana so awon safe kafin karyawa ya kasance tsakanin 80 da 130, na bayan abinci kuma ƙasa da 180. Ki tafi da littafin ranar asibiti, ki roƙi a yi miki HbA1c yanzu, a sake bayan wata uku. In sakamako na biyun ya fito ki rubuto mini shi tare da awon ƙugunki, mu ga abin da za a ƙara.